Shi Ɓeran Yana da Hawan Jini?

Wata Alhamis bayan Magariba ɗan yayata ya shigo gidanmu na cikin birnin Zariya da keji biyu, ya jingine su a zaure, ya ce su kwana nan, da asuba zai kama hanya. Digiri na biyu yake yi a wata jami'a da ke wata jihar, sayen ɓerayen gwaji ne ya kawo shi garin nan. Farare ne tas, idanu jajaye, ga sanyin hali, ba irin ɓeran rumbu da ko inuwarka ya gani sai ya ɓace ba. Yara suka yanyame kejin. Inna ta fito da carbi a hannu, ta leƙa, ta ja da baya.

"Kai angona, duk kiwon duniya ka rasa wanda za ka yi sai na ɓera?"

Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, ai don irinku ake wahalar." Ya shiga yi mata bayani. Za a yi musu allurar barci, a huda ƙoƙon kai, a sa jini ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa, sannan a riƙa ba wasu ruwan wani ganye, a ga ko za su riga sauran miƙewa. Ya ce irin ciwon da ya kashe Malam ke nan, yana nufin kakansa, mahaifina.

Inna ta ja carbi kamar sau uku kafin ta ce, "Shi ɓeran yana da hawan jini?"

Ya ce a'a, lafiyarsu lau, watansu uku da haihuwa.

"To ai shi Malam ba lafiyayye ba ne. Shekara nawa yana kukan ciwon ƙeya?" Ta juya ta koma ciki.

Na fi shekara 20 ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma ban taɓa shiga sahun masu cewa a daina gwaji a kan dabbobi ba. Har yanzu ban shiga ba. Amma tambayar nan ta Inna, wadda ko ajin yaƙi da jahilci ba ta gama ba, ita ce tambayar da ya kamata a yi wa duk ɗalibi da duk farfesa kafin a bar shi ya taɓa kan ɓera ko guda. Ran dabba yana halatta ne idan amsar da za a samu ta shafi mara lafiyar da ke kwance a ɗakinmu. In ba ta shafe shi ba, an yi ɓarnar rai, an yi ɓarnar kuɗi, an kuma samu takardar shaida a kan abin da ba a gano ba.

Baba yana da shekara 58 ya faɗi. Ya gama alwalar Asuba, ya miƙe zai ɗauki buta, sai ya ce kansa kamar an sara da gatari. Ya yi amai, baki ya karkace, hannu da ƙafar dama suka saki. Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce jifa. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, wani mai son alheri ya kawo asfirin aka jiƙa aka ɗura masa, don ya ji an ce yana tsinka jini. Sai washegari da yamma muka kai shi asibiti. A kwana na huɗu ya rasu. Allah Ya jiƙansa. Na daɗe kafin na gane cewa abin da muke haɗawa mu kira shanyewar ɓarin jiki ciwo biyu ne masu kama da juna a ido, masu saɓani a ciki. A ɗaya jijiya ce ke toshewa, wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa jini. A ɗayan jijiya ce ke fashewa, jini ya malala cikin naman ƙwaƙwalwar. Maganin da ke tsinka jini yana taimakon na farko, na biyun kuwa yana iya ƙara masa zuba. Ba a iya rarrabe su da tabbaci sai da hoton ƙwaƙwalwa, wanda ake kira siti. Na Baba fashewa ce.

Jijiyoyin da suka fi fashewa ƙanana ne, waɗanda ke nutsewa can tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda saƙon motsi ke bi ya sauka zuwa hannu da ƙafa. Hawan jini na shekara da shekaru yana cinye bangonsu kamar yadda ruwan indararo ke cin gindin katanga. Ƙoƙon kai kuma ba ya buɗewa. Duk jinin da ya zuba sai ya ture wani abu kafin ya samu wurin zama. Likitoci sun lura cewa da zarar gudan jinin ya kai mililita 30, wato cokali biyu na cin abinci, lamarin yana ƙara muni sosai. A wajen kusan mutum ɗaya cikin uku da aka kawo da wuri, gudan yana ci gaba da girma a yinin farko. Kimanin mutum 4 cikin 10 ba sa kai wata guda.

To ta yaya za a san abin da ke faruwa a cikin kai a awa ta farko, da ta shida, da kwana na uku? Ba za a fasa kan mutum don kallo ba. Ba za a ba mara lafiya maganin da ba a taɓa gwadawa a jikin wani mai rai ba. Ƙwayoyin halitta da ake renonsu a faranti ba su da ƙoƙon kai, ba su da bugun zuciya, ba sa ɗingishi. Kwamfuta kuwa abin da aka ba ta shi take juyawa. Nan ne dabba ta shigo, kuma duk wanda ya taɓa haɗiyar ƙwayar hawan jini ya ci moriyar wannan hanya ko ya sani ko bai sani ba.

Hanya biyu aka fi bi wajen haddasa wa dabba zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ta farko, wadda aka daidaita a kan ɓera tun cikin shekarun 1980, ita ce a ɗebi jinin dabbar daga jijiyar wutsiya ko ta cinya, a kafe kanta a wani ƙarfe mai awo da ke riƙe shi cif, a huda ƙaramar kafa, a zura allura zuwa daidai wurin da ake so, a tura jinin a hankali. A ɓera abin bai wuce kamar ɗigo biyu ba. Kyawunta shi ne ka san adadin jinin da ka zuba. Aibinta kuma babu jijiyar da ta fashe. Jini ne aka kai baƙunta, ba ya ci gaba da zuba, wani lokaci ma ya biyo hanyar allura ya dawo. Ta biyu wani likita a Amurka, Gary Rosenberg, ya fito da ita a 1990. Maimakon jini sai a tura wani sinadari mai suna kolajines da ake samu daga ƙwayar bakteriya, shi kuma ya narkar da bangon ƙananan jijiyoyi, jini ya riƙa tsattsafowa na wasu awoyi. Wannan ta fi kama da gudan da ke girma. Sai dai tsattsafi ne daga jijiyoyi da yawa, ba ɓarkewar guda ɗaya da ƙarfin bugun zuciya ba, kuma ana zargin sinadarin da tayar da kumburin kansa. Bayan dabbar ta farka sai a auna ta. A sa ta a lungu a ga ta wane gefe take juyawa. A sa ta cikin tulun gilas a ƙirga da wane hannu take dafa bango. A shafa gashin bakinta a gefen tebur a ga ko za ta miƙa hannu. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne madadin tambayar mara lafiya ko yana iya ɗaga cokali.

Ba zan ce ba a koyi komai ba, zalunci ne a ce haka. Daga waɗannan gwaje-gwaje aka fahimci cewa ɓarnar ba ta tsayawa ranar da jinin ya zuba. Sinadarin da ke daskarar da jini yana da dafi ga ƙwaƙwalwa idan ya yi yawa. Bayan 'yan kwanaki jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, su saki sinadarin ƙarfe, shi kuma ya shiga ƙona abin da ke kewaye. Wannan ya sa mutum kan yi kamar ya samu sauƙi, sai a kwana na uku ko na huɗu ya sake rikicewa. Ni dai da na karanta wannan sai na tuna ranar da Baba ya buɗe ido ya nemi ruwa, muka yi ta hamdala.

Masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun daɗe a kan wannan batu na ƙarfe. Akwai wani tsohon magani, difaroksamin, mai kama ƙarfe ya fitar da shi daga jiki, wanda masu jinyar sikila da ake yawan ƙara wa jini za su iya saninsa. Aka ba ɓeraye, kumburi ya ragu, tafiya ta gyaru. Aka ba aladu, aka ga alheri. Aka kai ga mutane kusan 300 a Amurka da Kanada, sakamako ya fito a 2019: maganin bai cutar ba, amma bayan wata uku bai nuna bambancin da aka sa rai ba. Har yanzu akwai masu ganin alamar amfani idan aka jira wata shida, muhawarar ba ta mutu ba. Wannan kuwa yana cikin waɗanda aka yi aikinsu da kyau. A 2006 wasu masana suka zauna suka ƙirga magungunan shanyewar jiki da aka taɓa gwadawa, mafi yawa a kan nau'in toshewa, suka samu 1,026. Guda 114 ne suka kai ga gwaji a asibiti. Waɗanda suka tabbata suna aiki a jikin mutum ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Har raha masu binciken ke yi a tsakaninsu cewa da ɓera ne ke zuwa asibiti da tuni an gama da wannan ciwo.

Dalilan suna da yawa, amma babbansu shi ne wanda Inna ta taɓo. Ɓeran gwaji saurayi ne ɗan wata biyu ko uku, galibi namiji, mai ƙoshin lafiya, jijiyoyinsa sababbi fil. Ba ya da ciwon suga, bai taɓa cin gishiri fiye da kima ba. Sau da yawa kuma ana ba shi maganin cikin 'yan mintoci ko awa guda da zubar jinin, wasu ma tun kafin a huda kan. Wane mara lafiya ne ke shan magani kafin ya faɗi?

Mu nan muna da masaniyar wane ne mara lafiyarmu, kuma da hannun Zariya aka samo ta. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, ya tattara masu shanyewar jiki daga asibitoci a Najeriya da Ghana, har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da na Malam Aminu Kano. A rahoton 2018 an kwatanta marasa lafiya 2,118 da masu lafiya irin adadinsu. Kashi 32 cikin 100 fashewar jijiya ce, alhali a Turai da Amurka abin yana tsakanin kashi 10 zuwa 15. Kusan ɗaya cikin huɗu ba su kai shekara 50 ba, kuma a cikin waɗannan masu ƙarancin shekaru fashewa ta ɗan haura rabi. Hawan jini ne ya tsere wa kowane sanadi da nisa. An kuma ga hannun ƙara gishiri a abinci da ƙarancin cin ganye. Wannan ya nuna mana abu biyu. Ciwon nan namu ne fiye da yadda yake nasu, don haka ba mu da hujjar jiran wasu su yi mana bincikensa. Sannan gyaran da Turawa ke kira a yi, wato a riƙa amfani da tsofaffin ɓeraye domin marasa lafiyarsu tsofaffi ne, bai isa ya zama namu gyaran ba. Namu mara lafiyar sau da yawa magidanci ne mai ƙarfi a jika, direba ko ɗan kasuwa ko uwar 'ya'ya shida, wanda jininsa ya shekara goma a sama ba a taɓa aunawa ba, ko an auna ya sha magani wata ɗaya ya ajiye don kai ya daina ciwo.

Ɓera mai hawan jini kuwa ba tatsuniya ba ne. A 1963 wasu masana biyu a Kiyoto ta ƙasar Japan, Okamoto da Aoki, suka zaɓi ɓerayen da jininsu ya ɗan hau suka yi ta haɗa su barbara, zuriya bayan zuriya, har aka samu dangin da ke tasowa da hawan jini ba tare da an yi musu komai ba. Zuwa 1974 an fitar da wani reshe daga cikinsu da ke kamuwa da shanyewar jiki da kansa, kuma idan aka ƙara masa gishiri abin yana zuwa da wuri. A Amurka Lewis Dahl ya fitar da nasa dangin da gishiri ke tayar wa jini. Na san shigo da irin waɗannan yana da tsada, dala ba ta wasa. Amma akwai hanyoyin talaka. Tun 1934 Harry Goldblatt ya nuna a kan karnuka cewa idan aka matse jijiyar da ke kai jini ƙoda, jini yana hawa, kuma an daɗe da mayar da dabarar kan ɓera. Akwai sinadaran da ake sawa a ruwan sha su tayar da jini cikin makonni. Abin da ake buƙata haƙuri ne: wata ɗaya ko biyu na ciyarwa da aunawa kafin a fara ainihin gwajin. Ɗalibi mai son ya kare kundinsa kafin ƙarshen zango ba ya son jin wannan, malaminsa mai ɗalibai 15 ma haka.

Sai lokaci. Idan ganyen ɗan yayata yana aiki ne kawai in an ba da shi cikin rabin awa, to ba mutumin Giwa ko Soba ko Maƙarfi aka yi wa aikin ba, ko na Tudun Wada ma da wuya. Kafin a gama shawarar ko iska ce, a nemo mota, a haɗa kuɗin hoto, rana ta faɗi. Gwajin da zai yi mana amfani shi ne wanda za a jinkirta maganin awa 12, ko 24, ko 48, a ga ko da saura abin ceto. Tunda ɓarnar ƙarfe da kumburi tana ɗaukar kwanaki, wannan tambaya ce mai ma'ana, kuma mu ta fi dama. Mai bincike a inda motar asibiti ke zuwa cikin minti goma ba lallai ta dame shi ba.

Akwai kuma batun girma da siffa. Ƙwaƙwalwar ɓera kamar giram 2 ce, ta mutum ta kusa kilo ɗaya da rabi. Ta ɓera sumul take, ba lanƙwasa. Kusan rabin ta mutum farin ɓangaren nan ne mai ɗauke da wayoyin saƙo, a ɓera kuwa ɗan kaɗan ne, alhali waɗannan wayoyin ne jini ke tsinkawa har hannu ya mutu. Shi ya sa a Amurka suke hawa daga ɓera zuwa alade. Mu nan alade ba zai shiga mana ba, ko ɗalibin ya yarda mai shara ba zai yarda ba. Amma duk wanda ya taɓa fasa kan rago ranar babbar Sallah ya ga ƙwaƙwalwa mai lanƙwashe-lanƙwashe irin wadda ake zanawa a littafi, kuma a Jamus an riga an yi amfani da tumaki wajen irin wannan bincike. A nan nake jin takaicin abin da muke da shi ba mu haɗa ba. A Samaru akwai tsangayar likitancin dabbobi. A Shika akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, masu sanin tunkiya 'yar Yankasa ciki da bai. A Shikan dai ga asibitin koyarwa da likitocin ƙwaƙwalwa. Duka a kan hanya ɗaya ta Funtuwa, ɗan acaba zai zaga su kafin shayi ya huce. Garuruwa kaɗan ne a Afirka ta Yamma ke da waɗannan uku kusa da juna haka. Ba ina cewa a tashi gobe a fara huda kan tumaki ba. Tunkiya sai maganin da ya riga ya tsallake ɓera da gaskiya, kuma irin wannan ba ya yawa.

Kalmar gaskiya ɗin nan ita ce inda na fi jin nauyin magana, domin ta shafi abokaina. A ƙasar nan mun saba da wani salo: a samo ganye, zogale ko zoɓo ko wani saiwa da kaka ta ambata, a jiƙa, a raba ɓeraye gida biyar, kowane gida guda biyar, a ba su, a yanka, a rubuta cewa ganyen ya nuna alamar amfani, ana buƙatar ƙarin bincike. Ban raina ganye ba, magunguna da yawa daga tsiro suka fito. Abin da ke ba ni mamaki shi ne kusan ba ka taɓa jin ganyen da ya faɗi jarrabawa. Ƙasar da kowane ganye ke warkar da ɓera, amma mutane na ta mutuwa, akwai abin dubawa a lissafinta. Gyaran kuma ba na kuɗi ba ne. A jefa ƙuri'a wajen raba dabbobin, kada hannu ya zaɓi masu kuzari ya sa a gidan magani. Wanda zai auna tafiyarsu kada ya san wanne ya sha magani wanne ya sha ruwa, domin ido yana ganin abin da zuciya ke so ko da mutum bai yi niyyar ha'inci ba. A faɗi nawa suka mutu a hanya, kada a share su daga lissafi. In ganyen bai yi komai ba a rubuta haka, a kuma ba yaron digirinsa. Wanda ya gano cewa abu ba ya aiki ya hutar da ɓeraye ɗari da wani zai kashe a kan tambayar.

Na taɓa faɗin haka a wata majalisa a Samaru, wani dattijo ya ce mini, "Malam, duk wannan a kan ɓera? Ai fasiƙi ne, ko a Harami an yarda a kashe shi." Gaskiya ne, yana cikin biyar ɗin da hadisi ya ambata. Amma izinin kisa daban, izinin azabtarwa daban. Duk wanda ya yi Islamiyya ya haddace hadisi na 17 a Arba'una, cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a kashe a kyautata kisa, in za a yanka a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Mun kuma san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Na taɓa shiga ɗakin dabbobi a wata makaranta, ba a garin nan ba, cikin zafin watan Afrilu, lokacin hutu. Ba wuta, taga a rufe, kwalaben ruwa sun bushe, warin fitsari ya hana numfashi. Labarin matar nan ne ya faɗo mini. Ko ta fuskar ilimi ma, dabbar da ƙishi da zafi suka galabaitar ba za ta ba ka sakamakon da za a dogara da shi ba. A 1959 wasu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka tsara ƙa'idar da duniya ke bi yanzu: in akwai abin da zai maye gurbin dabba a yi da shi, in babu a rage yawanta, a kuma sauƙaƙa mata wahala. Allurar barci mai kyau, maganin ciwo bayan tiyata, ɗumi, ruwa, da saurin hutar da wadda ta kai inda ba dawowa. Ragewar ma akwai inda take zama ɓarna. Wanda ya yi gwaji da ɓeraye kaɗan har lissafi ya kasa bambance sa'a da gaskiya, duka ya kashe su a banza.

Akwai ƙorafin da ya fi na dattijon nan ƙarfi, kuma daga bakin wata ma'aikaciyar jinya na ji shi. Ta ce da kuɗin keji da sinadari da allurar barci, na'urar awon jini nawa za a saya a ajiye a masallatai da kasuwanni? Mun riga mun san sanadi, mun san magani, amlodifin, ƙwayar hawan jini, yana kowane kemis. Kuma babban ci gaban da aka samu a 'yan shekarun nan ba daga sabon magani ya zo ba. Binciken INTERACT3 da ya fito a 2023, a asibitoci 121 na ƙasashe 10 har da Najeriya, a kan masu fashewar jijiya sama da 7,000, ya nuna cewa idan aka sauke jini da sauri har lambar sama ta awon ta koma ƙasa da 140, aka daidaita suga, aka kashe zazzaɓi, aka warware maganin tsinka jini ga mai shan sa, mutane sun fi tashi. Ba ɓera a ciki. Na yarda da ita fiye da rabi. In da za a ce naira ɗaya ce tak, a zaɓa, awon jini zan zaɓa ba tare da na yi dogon tunani ba, don da an auna Baba an riƙe shi a kan magani wataƙila da bai faɗi ba. Sai dai wannan binciken ma waɗanda aka kawo cikin awa shida ya ɗauka. Wanda ya zo a kwana na biyu fa? Ko an cika Zazzau da na'urar awo, wasu za su faɗi, kuma za su zo a makare. Har yau babu ƙwaya ko allura guda da aka tabbatar tana kare ƙwaƙwalwa daga dafin jinin da ya riga ya zuba. Wannan gurbin ba a cike shi da wa'azi a kan gishiri, sai an koma ɗakin gwaji. Kuma kuɗin da ɗalibai ke kashewa a kan ɓeraye ana kashe shi ko mun so ko mun ƙi, daga aljihun iyayensu. Tambayar ita ce ko za a kashe shi a kan abin da zai amfani wani.

Daren nan na zauna da ɗan yayata a zaure har wajen sha ɗaya, ɓerayen na ta ƙwaƙular buntun shinkafar da aka shimfiɗa musu. Ya ce, "Kawu, duk na ji, amma wata biyun ciyarwa wa zai biya? Kuma in na jinkirta maganin kwana guda ganyen ya ƙi aiki, me zan kai gaban malamai?" Na ce ya kai musu cewa ya ƙi aiki. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda bai taɓa tsayawa kare kundi ba. Muka yi lissafin buhun abinci a bayan ambulan, na ce zan ɗauki rabi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce zai yi magana da malaminsa.

Kafin ya kwanta ya ciro na'urar awon jini daga jakarsa ya shiga ɗakin Inna. Ta ce ita lafiyarta ƙalau, zoɓo take sha kullum. Ya dai lallashe ta ta miƙa hannu. Ya auna, ya jira, ya sake aunawa: 176 bisa 102. Da asuba ya ɗaura kejin a bayan acaba zuwa tasha, ni kuma na tsaya jiran gari ya waye in nemo Keke Napep da zai kai mu asibiti, Inna na daga ciki tana faɗan cewa ba inda za ta sai ta gama lazimi.